Hana mai sankarar mafitsara abinci ba ya kashe cutar

Ana yawan cewa nama da ƙwai suna ciyar da ciwon daji, don haka sai a bar majinyaci da kunu tsura har ranar tiyata. Wannan kuskure ne mai tsada.

Cire mafitsara babban aiki ne. Sau da yawa likita kan yanko guntun ƙaramin hanji ya yi wa fitsari sabuwar hanya, kuma ɗinkin nan ba ya haɗewa sai jiki na da abin ginawa. Shi ya sa ake auna albumin, wani sinadarin furotin da ke cikin jini, kafin aikin. Waɗanda nasu ya gaza giram 3.5 a desilita, ko suka rame sosai cikin ƴan watanni, sun fi fuskantar ruɓewar rauni da daɗewa a gadon asibiti, mutuwa ma ta fi yawa a cikinsu. Ƙiba ba hujja ba ce, mai teɓa ma tsokarsa kan zube.

A yankunanmu, inda tsargiya ke jawo wannan sankara, da yawa kan iso asibiti jini ya riga ya ƙare musu ta fitsari. Irin wannan majinyaci wake, kifi, ƙwai da nono yake buƙata, gwargwadon abin da likita ya ce ƙodarsa za ta ɗauka.