Wanda ya sauka filin jirgin Kano da dare, ku bar shi ya kwana a birni

Jama'a, abin da muke yi wa tsofaffinmu idan sun dawo daga Umara yana damuna ƙwarai. Dattijo ya taso daga Jidda, ya sauka filin jirgin Malam Aminu Kano wajen sha ɗaya na dare, ga jakunkuna, ga jarkar zamzam, ga gajiya, sai a kira shi daga gida a ce, "Baba, ka nemi mota ka taho, kowa na jiranka." Wace mota? Ta wa?

'Yan birni za su ce a kira Bolt, wato tasin da ake kira ta manhajar waya. Mai babbar waya da data ya kira, kuma ina goyon baya, domin zai ga sunan direba da lambar mota kafin ya shiga, ya kuma tura wa ɗan'uwansa ya riƙa bin sawunsa. Amma Hajiyar da za ta wuce wani ƙauye a bayan Ringim ƙaramar waya gare ta, layin Saudiyya ne ma a ciki. Ita duk wanda ya riga ɗaukar mata jaka ya ce "sannu da zuwa Hajiya", shi za ta bi.

Ko gwamnati ta san dare ba abin wasa ba ne. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, a 2022 kuma aka hana adaidaita sahu aiki daga goma na dare zuwa shida na safe. Ga masu ƙwacen waya, ga masu ɗaukar mutum a mota su zazzage shi su yar a hanya.

Ni a ganina, tun kafin jirgi ya taso ya kamata a gama magana. Ko dai a yi shatar mota daga garinku, direban da aka san gidan ubansa, a haɗa shi da yaro ɗaya su je su jira. Ko kuma ɗan'uwa na birni ya ɗauke shi ya kwana, gari na wayewa a kai shi tasha: Yankaba in Ringim, Gumel ko Haɗeja za shi, Unguwa Uku in Dutse ko Birnin Kudu, Ƙofar Ruwa in Ɗambatta ko Kazaure. Motar cikin tasha 'yan ƙungiya sun san direbanta, ta bakin titi babu wanda ya san ta.

In kuma dole ta sa sai tasi, a hau na layin cikin filin jirgi, a yi ciniki kafin a sa kaya a but, a kira gida a faɗi lambar mota direban na ji, kuma kada a yarda ya ɗauki wani a hanya, ko ya ce ƙaninsa ne.

Don Allah wanda yake da ɗan'uwa a Makka yanzu, ya tambaye shi ranar dawowa da ƙarfe nawa jirginsu zai sauka, ya nemi direba tun yau.