Lissafin Dokin Rano da Kabeji

Ranar da na sunkuya zan ɗaure igiyar takalmi na ji ina haki kamar wanda ya hau dutsen Shere, na san tumbin nan ya wuce wasa. Ƙanwata da ke aiki a Abuja ta ce, "Yaya, keto za ka yi." Ta turo mini dokar wannan tsarin cin abinci na rage ƙiba ta WhatsApp: kada kabohaidiret, wato sitaci da sukarin da ke cikin abinci, ya wuce giram 20 a yini, kuma kafin a ƙirga sai an debe faiba, wato abin nan mai kamar dusa da ciki ba ya narkarwa.

Ni da na shekara 12 ina riƙe da littafin bashin shago, ai debewa ba baƙuwata ba ce. Na sayo ɗan sikeli, na zare biro.

Dankalin turawa ne ya fara cin amanata. Da na Bokkos aka yaye ni, amma giram 100 na dafaffe kabohaidiret ɗinsa kusan 20 ne, faiba kuwa da ƙyar ya kai 2. Ƙwaya ɗaya ta cinye rabon yini. Dafaffiyar shinkafa 28. Sai na zo kan kabeji: 6, kuma kusan 2 da rabi faiba ne.

Nan shaiɗanin lissafi ya raɗa mini magana. Tunda faiba debewa yake yi, me zai hana in ci masa da safe, da rana in biya da kabeji? Na raba shafi biyu, masa a gefen bashi, kabeji a gefen biya. Kullum sai na biya ta kasuwar Farin Gada na saɓo ƙato mai kilo guda. Wata rana lissafi ya sauka har ƙasa da sifili, na kwanta ina murna yau keto ce ke riƙe da canjina.

Uwargida ta gaji da yanka. "Malam, wai zomaye muka koma ne?"

Cikina kuwa ya buɗe kasuwar kansa. Daren wata Talata sau uku ina sake alwala kafin Isha'i, a sanyin Jos, da ruwan randa. Dattijon da ke kusa da ni a sahu ya matsa gefe, bai ce uffan ba.

Bayan mako biyu na auna kaina, na ƙaru da kilo ɗaya da rabi. Na ɗauki hoton littafin na tura Abuja. Saƙon muryar da ya dawo rabinsa dariya ce zalla.

"Haba Yaya! Faiban kabeji daga kabejin kawai ake cire shi. Kilo gudan nan da kake ci, shi kaɗai 35 ne, ba a ma zo kan masa ba."

Kabeji huɗu suka rage a kicin. Uwargida ta aika wa akuyar maƙwabta, sannan ta leƙo da biro a hannu.

"Malam, a gefen bashi zan rubuta ko a gefen biya?"