Irin sukar da muke yi ba ta gyara aiki, mutane take kora

Jama'a, akwai wata ɗabi'a tamu da na daɗe ina kallo a kafofin nan. Mutum zai fito da littafi ko fim ko waƙa, kafin a kai ƙarshen shafi na biyu an riga an yanke masa hukunci, kuma hukuncin ba ya tsayawa a kan aikin. Sai a tsallake labarin gaba ɗaya a dira kan mai shi: ɗan gidan waye, wace unguwa ya fito, ita wannan ma tana da aure kuwa, wa ya bar ta take rubuta irin wannan. Ku leƙa ƙarƙashin duk wata sanarwar sabon fim ɗin Hausa a Facebook ku karanta abin da mutane suka rubuta. Mutum nawa ne suka taɓo tsarin labari, ko sauti, ko yadda aka ɗauki hoto? Yawanci "Allah ya shirye ku" ne, da "'yan ɓata tarbiyya", da "an ci mana data a banza". Wasu ko tallan fim ɗin ba su ƙarasa kalla ba.

Kada wani ya ɗauka cewa nake a daina suka. Abin suka yana nan jingim. Akwai finafinan da za a zauna a falo minti goma ana maimaita maganar da aka riga aka faɗa a fitowar baya. Akwai masu dogon zango da ake ja kamar ba za su ƙare ba, don kawai YouTube na biya, labarin ya mutu tun zango na biyu amma ana ta jan gawarsa. A littattafai kuwa, za ka ga an ɓata shafi biyu wajen kwatanta leshi da sarƙa da motar da saurayi ya zo da ita, ba ƙa ba ɗa ba ɓa, rabin jimla Hausa rabi Turanci, babu edita ko ɗaya da ya ɗora ido a kai. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa. Amma kafin ka iya faɗar ko ɗaya daga cikinsu sai ka karanta, sai ka kalla. Zagi kuwa ba ya buƙatar wannan wahalar, shi ya sa ya fi yawa.

Ku ɗan dubi yadda ake rubuta yawancin littattafan da ake karantawa yau. Mace ce, sau da yawa matar aure ko ɗaliba. Ba ta da kwamfuta. Da manyan yatsunta biyu take bugawa a waya, bayan yara sun yi barci, tana kallon cajin yana sauka, ga babu wuta. Ta gama shafin ranar, ta tura a guruf ɗin WhatsApp da mutane suka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba suka shiga. Kafin gari ya waye wata ta kwafe shi ta watsa a wasu gurufan kyauta. Da safe ta buɗe waya: ga masu cewa ta yi jinkiri, ga masu cewa shafin ya yi kaɗan, ga wata da ta ce idan ta kashe jarumin ba za ta yafe mata ba. A cikinsu kuma akwai wanda ya yanko sakin layi ɗaya, inda muguwar cikin labarin take magana, ya ɗora a shafinsa ya rubuta: "Ku ga abin da matan Hausawa suke rubutawa." Bai faɗi cewa a ƙarshen littafin muguwar ta girbi abin da ta shuka ba, don bai kai ƙarshen ba. Zuwa la'asar hoton ya isa wayar yayan mijinta.

Abin da mai sukar ba ya sakawa a lissafi ke nan. Shi ya rubuta layi biyu ya wuce, ya manta. Ita kuwa a gidanta za a yi zaman. A wasu ƙasashe idan aka yi wa marubuci mummunan sharhi, ciniki ne zai ragu, ransa ya ɓaci kwana biyu. A nan abin da ke kan faifai ya haɗa da aure, da mutuncin iyaye, da yadda za a kalli 'ya'yanka a Islamiyya. Shi ya sa da yawansu suke fakewa da "Maman wane" ko "Ummu wance", ba sa yarda hotonsu ya fita.

Kuma abin ba yau ya fara ba. Tun da littattafan soyayya suka fara cika kasuwa a tsakiyar shekarun 1980 ake musu kallon banza. A farkon shekarun 1990 Malam Ibrahim Malumfashi, masanin adabin Hausa, ya raɗa musu suna "Adabin Kasuwar Kano", yana nufin abu ne na ɗan lokaci da ba zai yi ƙarko ba. Daga baya aka yi ta gwabza muhawara a jaridu, musamman New Nigerian, tsakaninsa da su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da wasu. Muhawarar ta yi zafi, an gaya wa juna magana. Amma ni ita nake so mu riƙa tunawa, domin waɗannan mutane sun karanta abin da suke jayayya a kai, sun sa sunayensu na gaskiya, kuma kowa ya kawo hujja. Wanda ya karanta su ya ƙaru, ko da wane ɓangare ya bi. Ko marubutan da aka caccaka sun samu abin ɗauka.

Sai ku kwatanta da 2007, shekarar da aka tara littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano aka cinna musu wuta ƙarƙashin A Daidaita Sahu, shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jihar. A shekarar da wadda ta biyo ta, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta yi ta gurfanar da 'yan fim gaban kotun tafi-da-gidanka. Adam A. Zango ya shiga gidan yari, marigayi Rabilu Musa Ibro ya shiga, Hamisu Lamido Iyan-Tama ya shiga a ƙarshen 2008. Masu shirya fim da dama suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos da Abuja. To bayan duk wannan, finafinan sun ƙara kyau? Labaran sun ƙara zurfi? Abin da na gani shi ne mutane sun koyi tsoro. Sun koyi wane abu ne ba a taɓawa, suka koma kan labarin kishiya da ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, domin shi ne ba ya kai mutum kotu. Yau kuma mu ne muke ƙorafin cewa kullum labari ɗaya suke maimaita mana. A 2016 da aka ce za a gina alƙaryar fim a garin Kofa da ke Jihar Kano, wurin da ya kamata a koya wa yaran nan sauti da haske da rubutun labari, aka yi ta hayaniya har gwamnatin tarayya ta janye. Muna cewa ba su iya ba, kuma ba mu yarda a koya musu ba.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke tausasa wa matattu. Kowa yau zai ce maka a koma irin rubutun Abubakar Imam, 'yan yanzu ɓarayin labarin Indiya ne. Madalla. Amma duk wanda ya yi nazarin Hausa ya san cewa labarai da dama na Magana Jari Ce, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, daga littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya Imam ya ɗebo su, ciki har da Alfu Laila, ya sa musu rigar Hausa har ba ka gane baƙi ne. Wannan ba aibi ba ne, gwanintarsa ke nan. Don haka tambayar da ta dace a yi wa ɗan fim ɗin yau ita ce: da ka aro, ka narka shi ya zama namu, ko ka bar shi da sari da ɗigon goshinsa? Wannan tambaya ce ta aiki, kuma tana da amsa. "Ɓarawo" kuwa ba tambaya ba ce. Haka Alhaji Mamman Shata. Yau Dakta muke ce masa, tun da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ana rubuta kundaye a kansa. Amma mun san matsayin da al'adarmu ta ajiye makaɗi da maroƙi, mun san gidaje nawa ne ba za su ba makaɗi 'yarsu ba ko da waƙarsa suke ji safe da yamma. Muna son waƙar, muna ƙyamar mai yin ta, sai ya mutu mu fara kuka da rashin irinsa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda saboda shi na zauna rubuta wannan. Irin wannan suka ba kowa take kora ba. Wanda bai damu ba, wanda ya gano cewa zagi ma talla ne, ko a jikinsa. Ku zage shi yau, gobe mabiyansa sun ƙaru, jibi ya sake yin abin da ya fi na jiya muni da gangan. Wanda ake kora shi ne mai kunya, mai tunani, wanda magana ɗaya ke hana shi barci. Kuma wannan laushin zuciyar da ke sa magana ta yi masa ciwo, shi ne dai ke sa ya lura da abin da mu ba mu lura da shi ba, ya rubuta halin bazawara ko na almajiri har ka ji ƙwalla ta cika maka ido. Ba za ka samu marubuci mai jin ciwon mutane ba sannan ka ce shi kada ya ji ciwo. Na san waɗanda suka rubuta littafi ɗaya mai kyau suka yi shiru har yau, kuma ba labari ne ya ƙare musu ba. Mun zama kamar mai tankaɗen da ke zubar da gari tana adana tsaki, sannan ta zo tana mitar tuwo bai yi laushi ba.

Su ma masu fasahar ba zan wanke su tas ba. Da yawansu sun mayar da kalmar "mahassada" garkuwa. Ka ce sautin fim ɗin bai fita ba, a ce hassada ce. Ka ce labarin ya yi rauni a tsakiya, a turo maka 'yan amshin Shata su yi maka rubdugu, har da zagin iyaye. Wani jarumin ma da kansa zai rubuta "ka yi naka mu gani", kamar sai mutum ya taɓa shirya fim kafin kunnensa ya gane cewa ba a jin magana. Wannan ma kashe sana'a ne. Amma ina ganin abubuwan biyu suna ciyar da juna. Mutumin da aka saba jifansa ta ko'ina ba ya iya bambance mai jifa da mai miƙo masa hannu, duk wanda ya ɗaga hannu sai ya kare fuska. Masu sharhi na gaskiya, waɗanda ba su da yawa dama, sai su ga ba za su iya da rigimar ba, su ja bakinsu. Fili ya rage wa masu zagi da masu fadanci.

Malamai sun daɗe suna gaya mana cewa nasiha a keɓe ake yin ta, wadda aka yi a bainar jama'a tonon asiri ce. Wasu masu fasaha suna kawo wannan don a daina yi musu sharhi gaba ɗaya, ni kuma ban yarda ba. Aikin da ka fitar kasuwa, mutane suka sa kuɗinsu da lokacinsu, a kasuwa za a tattauna shi, babu laifi. Abin da ya shafi halinka da gidanka da tsakaninka da Ubangijinka, shi ne na keɓe, kuma shi ne muka fi yaɗawa. Mun juya abin: aikin muna yi masa shiru, mutumin muna tallata shi.

Sharhin kirki ba shi da wani sirri. Ka ce: a babi na bakwai kin sa uwar ta yafe wa ɗanta cikin layi uku, bayan kin shafe babi shida kina nuna mana zafin zuciyarta, ban gamsu ba. Marubuciyar za ta ji zafi, tabbas, wataƙila ma ta yi fushi. Amma ta san inda za ta buɗe ta duba, kuma littafinta na gaba zai iya fin wannan. Tun 2016 da BBC Hausa ta fara Hikayata, gasar rubuta gajerun labarai ta mata, abin da alƙalai ke yi ke nan a kowace shekara, su auna jigo da salo da tsari, kuma mun ga irin labaran da ke fitowa daga hannun matan nan da ake cewa ba su iya komai ba sai soyayya.

Na san akwai waɗanda za su zo su ce ina kare 'yan fim da marubutan batsa. Masu rubuta batsa suna nan, ban musa ba, kuma ba su nake karewa ba. Wanda yake da ƙorafi a kan wani aiki, bismillah, ga fili nan a ƙasa, sai dai ya zo min da sunan littafin da shafin, ko sunan fim ɗin da mintin da abin ya faru, mu buɗe mu duba tare.