Takardar Korar Baba Akawu

Duk wanda ke koyar da Turanci a makarantar sakandare ya san aikinsa ba ya ƙarewa a aji. Kai ne mai cike fom na unguwa, kai ne mai karanta takardar asibiti, kai ne mai fassara saƙon banki. Ni nawa aikin ya haɗa har da na surukina, Alhaji, mai gidajen haya a cikin Kano, wanda ni kaina a ɗaya daga cikinsu nake zaune da 'yarsa.

Wata Asabar bayan la'asar ya aiko yaro ya kira ni. Na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Malam, takarda nake so ka rubuta mini da Turanci, mai zafi. Akawun nan na gidan lungu nake so ya tashi." Ba kuɗin haya ne ya haɗa su ba. Musun siyasa suka yi a majalisa, tsohon ya ƙaryata Alhaji a gaban jama'a.

Na ce, "Baba, ai ko da baki ma za a iya faɗa masa." Ya ce a'a, ɗan boko da boko ake cinsa. Sai ya ce in zazzago masa kalmomin kora na Turawa ya zaɓa, kamar mai zaɓen shadda a Kantin Kwari.

Na fara da "sack", na ce ta korar ma'aikaci ce, wai daga buhun kayan aikin da ake miƙa wa mutum ya kama gabansa. Alhaji ya ce Akawu ba shi da buhu. Na ce akwai "fire". Ya ce wannan ba wuta ba ce? Gidansa ne fa, kada in ja masa gobara. Na ce akwai "rusticate", wadda jami'a ke yi wa ɗalibi, tushen ma'anarta a tura mutum ƙauye. Nan ya yi murmushi ya ce, "Ƙauye! Sa ta." Ya kuma ɗauki "dismiss" don ya ji daɗin amonta.

Da na ambaci "deport" sai ya gyara zama. Ya tuna 1980, zamanin Shagari, da aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno, aka tisa ƙeyarsa zuwa Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne. Ya ce irinta yake so. Na ce, "Baba, wannan gwamnati ce ke yin ta, kuma shi ma Darman ɗin kotu ta ba shi gaskiya, ya dawo gida." Ya ce shi bai tambaye ni ƙarshen labari ba. Sannan ya ciro Turancinsa guda ɗaya tilo, wanda ya ajiye tun daga rediyon zamanin Murtala, ya ce a rufe takardar da "wiz imidiyet ifek".

Ba a musu da suruki. Na rubuta: "You are hereby rusticated, dismissed and deported from this house with immediate effect." Ya sa hannu da ajami, ya ce in kai da kaina.

Na tarar da Baba Akawu a zaure kan tabarma, rediyo a gefensa. Na gaishe shi, na miƙa takarda da hannu biyu. Ya ɗora tabarau, ya karanta, ya sake karantawa, ya tashi ya shiga cikin gida. Na ɗauka sanda zai ɗauko, har na fara duba inda na ajiye takalmina. Sai ga shi ya fito da jan biro.

"Ɗana, wa ya rubuta wannan?"

Na ce ni ne, amma da umarni.

"Kuma Turanci kake koyarwa?"

Na ce e.

"Allah ya ji ƙan yaran nan."

Ashe duk kalmomin da na kwaso daga ƙamus, shi a jikinsa ya koye su. Ya zagaye "deported" da ja, ya ce a zangon Kumasi aka haife shi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana, suka taho a bayan babbar mota, uwarsa na rungume da turminta. "Ita wannan kalma sai da iyakar ƙasa. Ina iyakar take tsakanin nan da gidan Alhaji? Kwatar nan ce?"

Ya koma kan "dismissed". Ya ce a 1975 da Murtala ya share ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000, yana cikinsu, amma shi "retire" aka rubuta masa, ritayar dole, alhali ko furfura ɗaya ba shi da ita. Ya ɗaga yatsa ya ce kada in sake haɗa su: wanda aka yi wa "dismiss" a aikin gwamnati ba fansho ba garatuti, sunansa kuma ya ɓaci. Daga baya ya yi akawu a wata masaƙa a Kaduna, can kuma aka yi masa "retrench", wato ba ka yi laifin komai ba, kamfani ne ya kasa riƙe ka. Ya ce ita ce mafi ladabi a cikinsu, ita ce kuma ta fi sa yunwa. Ita kuwa "rusticated" bai ko yi bayani ba, ya dai tambaye ni a wane aji yake a jami'ar Alhaji.

Ni dai ina durƙushe, ƙafata ta yi tsami, yara sun fara leƙe daga bakin zaure.

Ya ce kalmar fitar da ɗan haya ita ce "evict", kuma aikin kotu ne, ba na mai gida da surukinsa ba. Kafin a kai can sai an ba mutum "quit notice". Mai biyan shekara-shekara irinsa, in ba a rubuta wani wa'adi a yarjejeniya ba, wata shida ake ba shi. In ya cika bai tashi ba, a ƙara masa notis na kwana bakwai, sannan a je gaban alƙali. Ya ja layi a ƙasan takardata ya rubuta biyu bisa goma. Ɗaya na kwanan wata ne, ɗaya na kyan rubutu.

Sai ya sassauta murya. "Bari in rubuta maka samfuri, don ka koya. Ya sunanka cikakke? Lambar gidanku fa?" Na faɗa masa, ina ma yi masa godiya. Ya rubuta notis tsaf da rubutun akawun da, mai jirge, ya ninke ya ba ni.

Na koma bayan magariba, majalisar Alhaji ta cika. Na durƙusa na ce, "Baba, ya ce takardar tana da gyara, ga ma yadda ya ce ake rubutawa..." Ban ƙarasa ba Alhaji ya fizge ta yana dariya. "Kun gani? Tsoro ya kama shi, da hannunsa ya rubuta takardar korarsa!" Ya zaro biro ya sa hannu. Na ce, "Baba, ai..." Ya ce in yi shiru, ya kira jikansa, ɗan aji uku kuma ɗalibina, ya ce ya karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Yaron nan da nake fama da shi kan karatu, ranar bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ya rangaɗa sunana da na mahaifina, da lambar gidanmu, da wa'adin wata shida. Ya kuma fassara, ba wanda ya sa shi.

Majalisa ta yi tsit, sai wani dattijo ya ce, "Ashe Malam ma haya yake biya?" Alhaji ya shafa gemu, ya dube ni ya ce, "Wai ni Malam, yaushe rabon da ka kawo kuɗin gidan nan?" Tambayar da na daɗe ina addu'ar kada ta faɗo masa ke nan. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce zai ajiye ta tukuna.

Kafin Juma'a ta zagayo an sasanta su a masallaci. Baba Akawu na nan a gidan lungu, kuma shi ke rubuta wa Alhaji takardu yanzu. In muka haɗu a hanya sai ya amsa gaisuwata, ya ɗaga mini yatsu yana ƙirga watanni.

Na kai kukana wajen uwargida, na ce ta ga halin da muka shiga, babanta ya ba mu notis. Ta ce in maimaita mata abin da aka rubuta. Na maimaita. Ta ci gaba da tankaɗen garinta, ta ce, "Mu kuma? Ni ban ji sunana a ciki ba."