Kafin ka shimfiɗa tayil a garejin da kake kafinta, tambayi tsintsiyarka

'Yan'uwa masu aikin katako, musamman waɗanda suka kori mota suka mai da gareji wurin aiki, ku zo mu yi maganar daɓe. Na daɗe ina ganin mutane suna zaɓen tayil da ido, alhali ƙafa da tsintsiya ne za su zauna da shi.

Ni ma haka na yi. Na ga hotunan garejin masu motocin alfarma, an shimfiɗa tayil ɗin roba mai tauri, wanda ake haɗawa ƙulli-ƙulli, mai raga-raga kamar kwando, ja da baƙi, sai sheƙi. Na saya, na shimfiɗa a wuni ɗaya, na yi ta ɗaukar hoto. Ashe kyan ɗan maciji ne. Waɗannan ramukan an yi su ne don ruwa da laka da ke zubowa daga mota su wuce ƙasa. A wurin kafinta kuwa, garin katako ne yake wucewa. Sati biyu da kunna injin zarto, ƙarƙashin tayil ɗin ya cika taf. Ka yi shara, sama fes, ƙasa juji. Ƙusa ko sukuru ya faɗi, sai dai ka yi masa bankwana. Kuma garin katakon nan idan ya sha danshi a ɓoye, wari yake yi, ga ƙwari. Na ɗaga tayil ɗin gaba ɗaya kafin shekara ta zagayo.

To, sai wani ya ce a sa na tangaran mana, irin na cikin gida, ai shara ba wuya. Gaskiya ne, yana sharuwa. Amma ka taɓa taka garin katako mai laushi a kan tayil mai sheƙi? Kamar an barbaɗa hoda ne. Yanzu ka ƙaddara kana tura falanki cikin zarto mai juyawa, ƙafarka ta goce. Wannan kaɗai ya isa in ce a'a. Wanda ya dage sai shi, ya duba lambar santsi da ake rubutawa a kwali, daga R9 zuwa R13; idan lambar ta ƙaru, santsin raguwa yake. R9 ba na wurin aiki ba ne, ya nemi R11 ko sama. Kuma ya sani ranar da guduma ta suɓuce, tayil zai tsage, ranar da cizal, wato ƙarfen sassaƙa katako, ya faɗi da baki, ka yi asarar wasawar safiya. Daɓen siminti ma haka yake cin bakin kayan aiki.

Na soso mai laushi, irin na wurin motsa jiki, daɗin taka shi ba a magana. Sai dai benci ba ya tsayawa a kansa. Kana kankare katako, benci na rawa. Injin da ya kai kilo 150 ko 200 kuma duk nauyinsa a kan ƙananan tayoyi huɗu yake, sai su nutse, ka tura ka tura ya ƙi motsi.

Abin da na tsaya a kai shi ne tayil ɗin robar da ake kira PVC, mai haɗuwa da juna, wanda ba shi da rami ko ɗaya, kauri kamar milimita 7. Yana da nauyi, yana kwanciya luf, ba ya ƙwas-ƙwas idan ana tafiya a kai kamar mai taurin nan, kuma cizal ya faɗi sau da yawa bakinsa bai karye ba. Amma a nan ma akwai tarko: zanen saman. Masu sayarwa sun fi nuna mai ƙulu-ƙulu kamar an jera kwabbai, ko mai zanen ƙarfen matakala. Kada ka yarda. Kowane tudu maɓoyar ƙura ne, tsintsiya tana tsallake ta, tayoyin inji kuma su yi ta gargada. Nemi mai ɗan kaushi kawai, kamar fata. Launi kuma toka-toka mai haske. Baƙi yana shanye hasken ɗaki, ƙusa ta faɗi ba ka ganinta. Ba na ce ba shi da aibi ba: tina, wato ruwan tsinka fenti, da makamantanta suna ɓata fuskarsa idan suka kwana a kai, don haka inda nake shafa fenti kwali nake shimfiɗawa.

Abu biyu kafin ka shimfiɗa komai. Yanki leda kamar santimita 45 kowane gefe, ka liƙe ta da tef a kan simintin, ka bar ta awa 16 ko fiye. Idan ka ɗaga ka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, ƙasa na tsattsafo da laima, kuma rufe ta da roba ba magani ba ne. Laimar nan za ta dawo ta hanyar tsatsa a kan injinka da kumburin katakon da ka ajiye. Sannan ka bar tazarar kamar santimita ɗaya tsakanin tayil da bango. Roba na buɗewa da zafi, musamman bakin ƙofa inda rana ke bugawa, kuma idan inji mai nauyi ya danne gefe ɗaya, tsakiya ce za ta yi tozo.

Wani zai ce shi simintinsa lafiya lau yake, ba tsaga ba rami. To wallahi ba dole sai tayil ba. Ka shafa masa abin da zai hana shi tashin ƙura, ka ajiye tabarmar roba mai kauri a gaban benci inda kake wuni a tsaye, ragowar kuɗin ka sayi injin zuƙar ƙura. Da na san haka tun farko, da mai raga-ragar nan bai shigo garejina ba. Yana nan jibge a bayan ƙofa, ko kyauta na rasa mai ɗauka.