Hasken Garwa ya isa ya riƙe wa mai kyamara fokas

Bidiyoyin biki da 'yan uwa suke turo mini daga Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, sun sauya kama a 'yan shekarun nan. Matasan da ke ɗauka sun mallaki kyamarori masu kyau, wasu har da gimbal, na'urar da ke hana kyamara girgiza yayin tafiya, kuma kusan dukkansu suna neman salon da ake yayi a nan Faransa, wato fuskar amarya ta fito tangaran, duk abin da ke bayanta ya narke. Matsalar ita ce da zarar mai ɗauka ya fara tafiya, sai fokas, wato wurin da hoto yake fitowa sarai, ya bar amarya ya koma kan kunnen ƙawarta ko kan bangon zaure. A ganina sun aro salon ne ba tare da sun duba yanayin da ya sa Turawa suke yinsa ba.

A masana'antar fim akwai mutum guda wanda aikinsa kawai shi ne juya zoben fokas yayin da mai kyamara yake tafiya. Wanda yake aiki shi kaɗai ba shi da wannan mataimaki, hannayensa biyu suna kan gimbal, idonsa ɗaya yana kan allo ɗaya kuma kan hanya. Lissafin ba ya yi masa sassauci. A kyamara mai babbar sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, lens na milimita 50 da aka buɗe ƙofar haskensa sosai zuwa f/1.8 (ƙaramar lamba na nufin babbar ƙofa), idan mutum yana nisan mita 2, wurin da zai fito sarai bai wuce kimanin santimita 17 ba, abin da taku ɗaya ya isa ya ɓata. Lens na milimita 24 kuwa a f/8, idan aka tsayar da fokas a kusan mita biyu da rabi, komai zai fito daga ɗan sama da mita ɗaya har iyakar ganin ido.

A nan Liyon ina fahimtar wanda ya zaɓi hanya ta farko, ta buɗe lens sosai. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5 na yamma, sama a rufe take, ɗakunan taro kuma ba su da haske sosai, saboda haka dole ya buɗe lens ya dogara ga fokas mai sarrafa kansa. Fasahar ta inganta ƙwarai tun da Canon ya fito da tsarin fokas na Dual Pixel a kyamarar 70D a 2013, kuma kyamarorin Sony na yanzu suna bin idon mutum a bidiyo. Bikin ma yana taimaka wa na'urar: amarya ɗaya cikin fararen kaya, baƙi a zaune, hanya a buɗe.

A Garwa abin ya sha bamban. Mata da yawa sun yi anko, yara suna gittawa, maroƙi ya shigo gaban kyamara, masu liƙi suna miƙo hannu, kuma na'urar da aka koya wa neman fuska ta sami fuskoki ashirin, ba ta san wacce ce amarya ba. Idan hunturu ne, ƙura tana dusashe bambancin haske da duhu, wanda shi ne abin da yawancin tsarin fokas suke kamawa, sai a ga hoto yana kai-komo. Amma Allah ya ba mu abin da mutanen Liyon suke nema ba su samu ba. Da tsakar rana, mai ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa da saurin shata 1/50, wato tsawon lokacin da haske yake shiga don kowane hoto, yana da hasken da ya kai na f/16 ko fiye. Kafin ya sauko zuwa f/1.8 sai ya sayi gilashin rage haske na ND mai duhu sosai, wato ya biya kuɗi ya zubar da haske don ya sayo wa kansa wahala, alhali ND mara ƙarfi ya isa ya ajiye shi a f/8, inda zai yi tafiyarsa hankali kwance.

Akwai kuma abin da ya fi lissafi muhimmanci a wurina. Mu da muke nesa, da su kansu dangin da suka biya kuɗin aikin, muna kallon bidiyon ne don mu ga wa ya zo. Gwaggo da ta taso daga Ngaundare, wadda ta sha doguwar hanya a mota, ba za ta yarda cewa fasaha ce ta mayar da ita hazo a bayan amarya ba.

Ranar hawan salla a fadar Lamiɗo ma haka ne. Dawakai suna tahowa a sukwane cikin ƙura, kuma bin su da zoben fokas aikin banza ne ga mutum ɗaya. Abin da ya fi shi ne a tsayar da fokas tun farko a inda mahaya suke ja da linzami su yi jinjina, a rufe lens, a bar su su shigo wurin da kansu.

Da dare ne kawai hujjata take raguwa, musamman idan wuta ta ɗauke, domin a lokacin babu makawa sai an buɗe lens. A nan aikin yana komawa ga ƙafa. Mai ɗauka ya ɗaura ƙaramar fitila a kan kyamara, ya kulle fokas, ya riƙe nisa guda tsakaninsa da amarya, ko yana ja da baya daidai da takunta ko yana bin ta ta gefe, ya guji tafiyar da ke nufo ta kai tsaye. Idan ya fi son na'ura ta yi masa, to ya taɓa fuskar amarya a allo don ta bi ita kaɗai, ya kuma rage saurin da take sauya wa daga fuska zuwa fuska a cikin saitin kyamara, ta yadda wanda ya gitta ba zai janye ta ba.