Sanyi na tafe, shukokinku da tukwanenku na jiran ku

'Yan'uwana matasa, maza da mata, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Da yawanku kun sayi tukwanen fure kun jera a bakin taga, kun ɗauki hoto kun ɗora a Instagram, wasu har da ɗan lambu a bayan gida. Madalla. To ga sanyi ya ƙarato, yini ya fara gajarta, kuma abin da ake yi wa shukokin nan iri biyu ne: ko a manta da su ɗungurungum, ko a kashe su da hidimar da ba su nema ba. Na biyun ya fi ba ni haushi, domin mai yin sa gani yake ƙoƙari yake yi.

Shuka da haske take haɗa abincinta. Idan yini ya gajarta, hasken da ke shigowa ɗaki ya ragu, sai ta rage girma, ta rage shan ruwa. A arewacin duniya yini mafi gajarta yana faɗowa ne 21 ko 22 ga Disamba, a kudanci kuma cikin watan Yuni, amma tun makonni kafin nan shukar ta riga ta sassauta. Kai kuwa kana nan da kofinka kowace safiya kamar lokacin zafi. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, ƙasar da ta kwana ta yini a jiƙe sharkaf kuwa ba ta bar mata wurin numfashi ba, sai ta soma ruɓewa. Ganye ya yi rawaya ya langaɓe, ka ce ai ƙishi ne, ka ƙara tuttula mata. Haka za ka yi ta yi har ta mutu, ka koma kana cewa hannunka ne ba ya karɓar shuka.

Hannunka lafiyarsa ƙalau, yatsa kawai ka ƙi sawa. Tura shi cikin ƙasar tukunyar kamar santimita 2 zuwa 3. In ka ji danshi, ajiye kofin ka tafi harkarka. In ta bushe, zuba har ruwan ya fita ta ƙasan tukunya, sannan ka zubar da wanda ya taru a faranti. Tukunyar da ba ta da huji a gindi, komai kyanta, kabarin shuka ce. Taki kuma a dakata da shi sai yini ya sake tsawo. Shukar da ba ta girma ba za ta ci shi ba, taruwa zai yi ya ƙona saiwa.

Ku duba inda kuka ajiye su. Galibin shukokin ɗaki 'yan asalin wurare masu ɗumi ne, da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Selsiyos sun shiga wahala. A matso da su kusa da haske, amma kada ganye ya jingina da gilashin taga da dare, kada kuma a ajiye su gaban hita, iskarta busar da ganye take yi. Busasshiyar iskar nan ita ce ke kiran wasu ƙananan ƙwari masu yin siririyar saƙa a bayan ganye. Tsumma mai danshi ya isa: a goge ƙura, a leƙa ƙarƙashin ganyen.

Lambun waje aikinsa na yini ɗaya ne ga wanda ya tashi da wuri. Tumatir da barkono ba sa jure daren da raɓa ta daskare, saboda haka a tsinke abin da ya rage tun kafin nan; tumatirin da ya ƙosa, ko da kore ne, zai nuna a cikin gida. Kabeji da karas kada ku yi musu gaggawa, sanyi yana ƙara musu zaƙi. Tafarnuwa ma yanzu ne lokacin binne ta a wuraren da ake tsananin sanyi, domin sanyin ne ke sa kanta ya rarrabu. Busassun ganyen da kuke tarawa ku cinna wa wuta, kuna shaƙar hayaƙi kuna damun maƙwabta, abinci ne na ƙasa kyauta. Ku shimfiɗa su a gindin shukoki kamar kaurin santimita 5, ko ku tara a lungu su ruɓe su zama taki, sai dai ganyen da ya kamu da cuta, shi kam a fitar da shi. Inda ruwa ke daskarewa, a tsiyaye tiyo a naɗe shi, a shigar da tukwanen yumɓu ciki, domin ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara, ya fasa abin da yake ciki. Fartanya da shebur a wanke, a busar, a shafa musu mai.

Sai kicin, kuma a nan ba da 'yan mata kaɗai nake ba. Saurayin da ya iya sarrafa waya da kwamfuta amma ba zai iya ɗora tukunyar wake ba, ya binciki kansa. Sanyi lokacin abinci mai zafi ne, kuma girkin gida ya fi na saye sauƙi ga aljihu. Jiƙa wake tun da dare yana rage lokacin dahuwa da kuɗin makamashi. Jan wake mai siffar ƙoda kuwa dole ya tafasa sosai aƙalla minti 10, in ba haka ba yana ɓata ciki. Dankalin Turawa a ajiye shi wuri mai duhu da sanyi, nesa da albasa. In haske ya mai da shi kore, wannan koren alamar guba ce mai suna solanin, a yanke wurin da kauri ko a jefar.

Akwai wani sakaci da sanyi ke koya wa mutane: a bar tukunyar miya a kan murhu ta kwana, wai ai gari da sanyi ba za ta lalace ba. Ɗakin da kake iya zama a ciki da riga ɗaya bai kai sanyin firji ba. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da 60, shi ya sa ake cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje. A raba shi a ƙananan kwanuka ya huce da wuri, a sa a firji, in za a ci kuma a ɗumama har ya yi tururi ciki da waje.

Na ƙarshen nan ba wasa a cikinsa. Kada wanda ya shigar da garwashi ko gawayi ɗaki ya rufe ƙofa da taga don jin ɗumi, kada kuma a kunna murhun gas a bar shi a matsayin hita. Iskar kabon monoksaid da ke fita ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai take fara kawowa, da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ma zai ji ba. In ana girki a buɗe taga ko da kaɗan ne, in kuwa mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka ji kansu na sarawa lokaci guda, a fita waje nan take, a nemi asibiti.